Kuskure da Gyara a Tarihin Almajirancin Kirista a Ƙasar Kazaure

Almajiranci, a ma'anar da Kiristocin ƙasar Hausa suke amfani da ita, shi ne rainon mutumin da ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, tun daga ranar da ya furta bangaskiyarsa har ya kai ga tsayawa da ƙafafunsa a cikin ikilisiya, wato taron masu bi na wuri guda, ya kuma iya koyar da na bayansa. Littattafan Sabon Alkawari ba su ɓoye cewa aiki ne mai yawan tuntuɓe ba, domin sun kawo labarin Bitrus, wanda ya yi musun sanin Ubangijinsa a daren da aka kama shi amma daga baya aka danƙa masa kiwon garke, da na Yohanna Markus, wanda ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya har batunsa ya raba manyan biyu, sannan bayan shekaru Bulus ɗin da kansa ya nemi a kawo masa shi saboda amfaninsa. Masu wa'azi sun saba jawo waɗannan labarai a kan kuskuren almajiri. Tarihin bishara a ƙasar Kazaure da maƙwabtanta kuwa yana tilasta a dubi ɗaya ɓangaren, wato kuskuren mai koyarwa, kuma abin da yake nunawa shi ne kurakuran da suka taɓa jikin 'yan mishan an gyara su cikin shekaru kaɗan, amma waɗanda nauyinsu ya faɗa a kan sababbin masu bi sun daɗe ana maimaita su, ba su kuma fara gyaruwa ba sai da masu bin suka sami bakin magana.

Masarautar Kazaure, wadda Ibrahim Ɗantunku ya kafa wajen 1819 bayan saɓaninsa da Kano, ƙasa ce ta Musulunci mai tsohon tarihin malanta, kuma a yau ta ƙunshi Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, yayin da Babura, wadda take bakin iyakar Nijar, take ƙarƙashin masarautar Ringim. A zamanin Turawa dukan yankin yana cikin Lardin Kano, bai koma Jihar Jigawa ba sai da aka ƙirƙiro ta a 1991. Saboda haka duk abin da ya faru tsakanin 'yan mishan da fadar Kano ya shafi Kazaure kai tsaye, ko da yake ba a cikinta ya faru ba. A ƙauyukan da ke tsakanin duwatsun Roni da gonakin Gwiwa akwai kuma Maguzawa, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya na kakanninsu, suna zaune cikin aminci da maƙwabtansu Musulmi, kuma daga cikinsu ne yawancin Kiristocin asalin yankin suka fito.

Yunƙurin farko na kawo bishara ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 19 ya ƙare ne a kaburbura. Ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wadda aka fi sani da CMS, ta aiko da ayari zuwa Lokoja a 1890 da niyyar shiga Arewa, amma John Alfred Robinson ya rasu a 1891, Graham Wilmot Brooke ya bi shi a 1892, ba tare da sun taka Kano ba. A watan Disamba na 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas ba da goyon bayan wata babbar ƙungiya ba, ba isasshen guzuri, ba kuma sanin harshe. Gowans ya rasu a Girku, ta ƙasar Zazzau, a 1894, Kent ya rasu a Bida a shekarar, Bingham ya koma Kanada da zazzaɓi a jikinsa. Ya sake gwadawa a 1900, cuta ta sake mayar da shi gida. Sai a karo na uku, a 1902, aka kafa tasha a Patigi, a ƙasar Nufe, wadda ta zama tushen ƙungiyar Sudan Interior Mission, ko SIM a taƙaice, ƙungiyar da daga baya ta iso Roni.

Darasin waɗannan mace-mace bai ɗauki lokaci ba, domin jiki magayi ne. Tun 1854 likita William Baikie ya nuna a tafiyarsa ta kogin Binuwai cewa shan kwinin kullum yana kare Bature daga mutuwar zazzaɓin cizon sauro, amma a cikin masu himmar bishara na wancan zamani akwai ra'ayin cewa dogaro ga magani rauni ne na bangaskiya. SIM ta yi watsi da wannan ra'ayi. Andrew Stirrett, mai sana'ar haɗa magunguna da ya shigo aikin a 1902, wanda Hausawa suka laƙaba wa Bature Mai Magani, ya nace a kan shan kwinin da kwana cikin gidan sauro, ya kuma rayu a ƙasar har 1948. Bingham da kansa ya wallafa littafi a 1921 yana bayyana cewa neman magani bai saɓa wa Littafi Mai Tsarki ba. Cikin ƙasa da shekara talatin, ƙungiyar da ta fara da binne mutanenta ta zama mai buɗe ɗakunan shan magani.

Kuskure na biyu ya fi na farko tsada, kuma ba waɗanda suka yi shi ne kaɗai suka biya ba. A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci ayarin CMS, wanda ya haɗa da likita Walter Miller, suka nufi Kano da dogon jerin 'yan dako, ba tare da sun jira izinin Sarkin Kano Aliyu Babba ba, a daidai lokacin da sarakunan daular Sakkwato suke kallon kowane Bature a matsayin ɗan leƙen asirin rundunar da ke tafe. Sarki ya umarce su da su bar birnin cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus kafin tafiyar, ya amsa daga baya cewa babban kuskure suka tafka. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Lugard, shugaban Turawan mulki a Arewa, ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a tsoma baki cikin addininsu ba, jami'an da suka gaje shi kuma suka riƙa kafa hujja da abin da ya faru a 1900 wajen hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi. Aka ƙara da ƙa'idar da ta hana Bature gina gida kusa da garin 'yan ƙasa fiye da yadi 440, daga baya kuma da wadda ta hana koyar da addinin Kirista ga 'ya'yan Musulmi da ba su kai shekara 18 ba. Ta haka gaggawar kwanaki kaɗan ta taimaka wajen rufe Lardin Kano, har da Kazaure, na kimanin shekara talatin.

A wannan tsakani ne aka yi gwajin Gimi a ƙasar Zazzau, wanda ya cancanci a tsaya a kansa domin a nan ne aka fara ganin tsarin da ya daɗe yana bin almajirancin Hausawa. A 1913 wasu daga cikin Isawa, wato zuriyar mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, suka zo wurin Miller a Zariya suna neman ƙarin sani. Aka tattaro su daga garuruwan da suke warwatse aka kafa musu ƙauye na Kiristoci zalla a Gimi, da makaranta da majami'a, bisa tunanin cewa sabon mai bi ba zai tsaya ba muddin yana cikin danginsa. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya faɗa wa ƙauyen ya kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya kuma Wusasa bayan da mishan ta ƙaura can a 1929. An koyi darasin zaɓen wuri mai lafiya. Darasin da ba a koya ba shi ne na raba mutum da mahaifarsa, domin an ɗauki annobar a matsayin ƙaddara, ba a tambayi ko tattarowar da kanta daidai ce ba.

Ƙofar Lardin Kano ta buɗu ne a shekarun 1930, kuma cutar kuturta ce ta buɗe ta. An kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, SIM ta sami gindin zama a Garko da Kano, sannan hukumomin gargajiya, waɗanda ba su da likitocin da za su kula da masu kuturta, suka miƙa mata matsugunan jinya: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943. A cikin wannan zango ne aka kafa tashar Roni a masarautar Kazaure, wadda ta yi suna saboda makarantarta ta kwana ta yara maza. Ba daidai ba ne a raina abin da waɗannan wurare suka yi, domin mutanen da dangi suka guje su sun sami magani da abinci da karatun boko a cikinsu, yara marasa galihu kuma sun fito da sana'a a hannu.

Sai dai almajirancin da aka gina a cikin harabar mishan yana da rauni a gindinsa. Yaron da ya tashi a makarantar kwana yana jin ƙararrawa ce take tashe shi addu'ar asuba, ita take kiransa aji da gona da cin abinci, kuma wanda yake koya masa ayoyi shi ne mai ba shi riga da sabulu, daga baya kuma shi ne mai biyansa albashi idan ya zama malami ko kuku ko ma'aikacin ɗakin magani. A irin wannan zama yana da wuya mai koyarwa ya bambance bangaskiya da biyayya, yana kuma da wuya almajiri ya ce bai yarda ba. Idan ya koma ƙauyensu sai ya tarar ya zama baƙo, ba shi da rabo a gandu, ba mai ba shi 'ya, mutane kuma suna kiransa yaron Bature. Da yawa sun bar yankin zuwa Kano ko Jos ko Kaduna, inda suka narke cikin ikilisiyoyin Sabon Gari, wasu kuma suka koma addininsu na da. Rahotannin mishan sun saba rubuta irin wannan komawa a matsayin ja da baya, wato faɗuwar mai bi, ba kasafai suke lissafa ta a cikin gazawar tsarin da ya raine shi ba.

Batun Maguzawa ya fi kowanne nuna wannan makanta. Idon 'yan mishan na farko yana kan birane da malamai da 'ya'yan sarauta, bisa zaton cewa idan manya suka karɓa talakawa za su bi, alhali mutanen da suka fi kusa da saurara suna can cikin gonaki. Masanin harsuna Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya kuma wallafa bincikensa a 1946, ya bayyana al'umma mai manyan gidaje, inda maigida yake shugabantar 'ya'ya da ƙanne a noman gandu, shi ne kuma mai yanka ga iskokin gidan a madadin kowa. A irin wannan gida addini ba abin da mutum ɗaya yake zaɓa shi kaɗai ba ne. Saurayin da ya ƙi cin naman yanka ya ƙi gidan ne gaba ɗaya, wanda kuma ya daina shan giya ya fita daga gayya, wato aikin gona na taimakon juna, da bikin aure da zaman makoki, domin a kan tulun giya ake yin su duka. Ƙa'idar mishan ta buƙaci mai neman baftisma ya bar giya, ya ƙone kayan tsafi, ya kuma zauna da mace ɗaya. Sharaɗi na ƙarshen nan shi ya fi zafi, saboda magidanci mai mata biyu ko uku, wanda shi ne mai faɗa a ji a gidansa, an bar masa zaɓi tsakanin korar uwar 'ya'yansa da zama a bakin ƙofar ikilisiya har mutuwa. Ba a cika tambayar ina matar da aka saka za ta nufa ba, ko wa zai ci da ita. Sakamakon haka ikilisiyoyin farko suka cika da samari da yara, dattawan da za su iya jawo gida dungurungum kuwa suka tsaya a waje.

Haka nan tsarin horo, wato hukuncin da ikilisiya ke yi wa wanda ya yi laifi a fili, ya ɗauki siffar da ba ta yi la'akari da nauyin kunya a zuciyar Bahaushe ba. Akan karanta sunan mai laifi a gaban taro ranar Lahadi, a hana shi cin jibin Ubangiji na wasu watanni, a cire shi daga ƙungiyar mawaƙa ko zumuntar mata, wani lokaci a zaunar da shi a bencin baya inda kowa zai gan shi. Manufar a rubuce ita ce komo da shi, amma a al'ummar da tonon asiri ya fi duka ciwo, da yawa daga waɗanda aka sa a horo ba su sake taka majami'a ba. Laifuffukan da ake iya gani da ido, kamar ciki kafin aure da shan giya da ƙarin mata, su suka fi jawo hukunci, kuma mata matasa ne suka fi ɗaukar nauyinsa, yayin da girman kai da rowa da raina na ƙasa ba su da benci.

Gyaran ya zo ta hanyoyin da ba mishan ce ta tsara su duka ba. Wajen 1950 binciken likita John Lowe a Uzuakoli, a kudancin Najeriya, ya tabbatar da cewa ƙwayar dapsone da ake haɗiya tana maganin kuturta, sai ya zama ba dole ne a tsare majinyaci shekaru a matsuguni ba, aka buɗe ƙananan wuraren raba magani a ƙauyuka, kuma yawancin masu raba shi tsofaffin majinyata ne da 'yan makarantar mishan. Waɗannan mutane sun kai bishara inda Bature ba shi da izinin zama, da harshen gida, ba tare da ƙararrawa ba. A ƙarshen shekarun 1940 aka kafa ƙungiyar masu bi 'yan ƙasa ta aika masu bishara, wadda daga baya aka sani da EMS, kuma Fasto Panya Baba ya jagorance ta daga 1970. A 1954 ikilisiyoyin da SIM ta haifa suka haɗu suka zama ECWA, a 1976 kuma mishan ta miƙa mata ragamar ayyukanta. Makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ta Tofa, kusa da Kano, ta horar da masu bishara da Hausa domin ƙauyukan lardin.

Mai bisharar ƙauye ya bambanta da ɗan mishan a abu guda mai muhimmanci, wato shi ma manomi ne. Yakan roƙi gona wurin maigida, ya yi huɗa da noma tare da mutane da damina, matarsa ta je rijiya da daka tare da matan gidan, da daddare kuma ya shimfiɗa tabarma ya kunna fitilar ƙwai ya koya wa yara da manya haɗa baƙaƙe. Yana zuwa jana'iza da suna, yana gaishe da maigida a durƙushe, kuma ya san cewa magana da dattijo ba a yin ta a gaban 'ya'yansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lokacin da Maguzawa suka shiga matsin zaɓen addini, bayan rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello a 1963 zuwa 1965 da kuma shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 wanda ya kai makaranta kowane lungu, da yawa sun karɓi Musulunci, wasu kuma a ƙasashen Kano da Katsina suka karɓi Kiristanci gida-gida, kuma a hannun irin waɗannan masu bishara suka karɓa. Abin lura ne cewa wannan ya faru ne a shekarun da gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantu da asibitocin mishan, wato lokacin da harabar ta daina zama cibiyar almajiranci.

A fannin ilimi ma sai da masu bi suka matsa kafin a saurare su. SIM ta daɗe tana ganin karatun Hausa da sanin Littafi Mai Tsarki sun wadatar, tana tsoron kada ilimi mai zurfi ya janye samari zuwa aikin gwamnati, ba ta buɗe sakandarenta ta farko ba sai 1951 a Egbe, nesa da ƙasar Hausa. Wusasa ta CMS, wadda ta bi wata hanya dabam, ta fitar da R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Ishaya Audu, jikan Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Kiristocin karkarar Kano ba su sami irin wannan tsani da wuri ba, kuma giɓin ya daɗe yana bayyana a ƙarancin fastoci da malamai da ma'aikata 'yan asalin wurin.

Ƙetaren iyaka, a Maraɗi ta Nijar, an sami misalin ɗan mishan da ya karɓi gazawarsa da hannu biyu. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya zo aiki da SIM a 1981, ya shafe shekaru yana dasa itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara suna fitowa ne daga kututturan tsofaffin itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya bar dashe ya koma aiki da manoma a kan zaɓen rassa da rainonsu, dabarar da ake kira sassabin zamani, wadda ta yaɗu daga manomi zuwa manomi bayan yunwar 1984 har ta kai kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Ilimin itatuwan yana hannun manoman tun asali, kuma aikin bai ci gaba ba sai da aka bar su suka riƙa yanke shawara a gonakinsu.

Wasu batutuwan sun fi haka jinkiri. Taron bishop-bishop na cocin Angalikan a Lambeth ya yanke a 1888 cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba, kuma sai a 1988, bisa matsin bishop-bishop na Afirka, aka amince a yi masa tare da matansa da 'ya'yansa bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba, wato shekara 100 cif kafin a yarda cewa korar mata ba ta cikin tuba. Ikilisiyoyin da suka fito daga SIM sun fi riƙe tsohon matsayi, dattawan ƙauyuka kuwa su ke fama da shari'o'in ɗaya bayan ɗaya. Gadon rabuwa da dangi ma bai gushe ba, domin har yanzu akwai masu ɗaukar Bahaushe Kirista a matsayin baƙo a garin kakanninsa, a wajen ikilisiya da kuma wani lokaci a cikinta, inda shugabanci ya daɗe a hannun masu bi daga wasu ƙabilu da suke jin Hausa a matsayin harshe na biyu. Wannan ne ya sa Kiristocin Hausawa da Fulani da Barebari suka kafa Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, wadda take neman wa 'ya'yanta filin gina majami'a da maƙabarta da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma a jihohi irin su Jigawa da Kano da Katsina, take kuma ƙarfafa su su riƙe sunayensu da suturarsu da zumuncinsu da 'yan'uwansu Musulmi.